Kafin Ki Miƙa wa Nana Littafin Rumawa

Zuwa ga Mamana, Zainabu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina roƙon Allah Ya sa ki buɗe wannan takarda cikin ƙoshin lafiya, ke da maigidanki Kabiru da amaryata Nana. Allah Ya tsare ku a jirgin ƙasa, Ya sauke ku garin Yiwu lafiya, Ya sa sabon gida ya karɓe ku, Ya haɗa ku da maƙwabta masu tsoronSa.

Za ki yi mamakin samun takarda daga mutumin da ƙofar ɗakinsa ke kallon taki. Shekara biyar ke nan, tun rasuwar mahaifiyarku, kuka tattaro kuka dawo gidan nan na unguwar Xiaobei don kada in zauna ni kaɗai. Kullum muna tare, amma akwai maganar da bakina ya kasa. Yanzu harkar mijinki ta koma wani gari, jibi za ku tafi, kuma idan ban faɗa yanzu ba, ban san ranar faɗa ba.

Mako uku da suka wuce kina ɗaure kwalaye a falo kika ce, "Baba, Nana ta ishe ni da tambayar Rumawa. Ko za ka biya kantin littattafai ka samo mata wanda ya dace da shekarunta?" Na ce to, na tashi na shige ɗaki. Kin ga fuskata. Kin kuma san dalili, domin kina da shekara goma sha shida lokacin da ƙanenki Habibu ya yi mini irin wannan tambayar, yana da shekara goma sha ɗaya, daidai da Nana a yau. Amma abin da kika gani rabi ne. Zan gaya miki sauran, tun da yanzu ke ce malamar 'yarki, kamar yadda ni da mahaifiyarku muka zama malamanku a ƙasar da makarantar baƙi ta fi ƙarfinmu, ta 'yan gari kuma ba mu da takardunta.

Kin tuna yadda muka raba aikin. Ita ke da allo da lissafi da Hausa. Ni ke da Turanci da sauran ilimin duniya, saboda na taɓa koyarwa a firamare a Kano shekara uku kafin in shiga kasuwa, kuma wannan shekara ukun ta sa mini girman kan da ya fi ilimina yawa. Wata rana Habibu ya kai surar da ta ambaci Rumawa, ya ajiye allo ya zo ya same ni ina cin tuwo. Ya ce, "Baba, su wane ne Rumawa? Me suke ci?"

Ki lura da tambayar. Me suke ci. Abin da yaron yake so ke nan: ya san ko suna da tuwo, ko yaransu na wasa, ko ana dukansu a makaranta. Ni kuwa sai na ji kamar an ɗora mini rawani. Na ce ɗana zai san tarihin duniya fiye da 'ya'yan jakadu. Washegari na hau jirgin ƙarƙashin ƙasa na tafi wani babban kantin littattafai, na hau benen da ake ajiye na harsunan waje. Na nuna wa yarinyar kantin kalmar a rubuce. Ta kawo mini guda uku. Biyu sirara ne masu hotuna, ɗaya kuma ƙato ne mai baƙin bango, wanda sai da hannu biyu ake ɗaukarsa. Ta nuna siraran tana kwatanta tsawon yaro da hannunta, tana cewa, "Lawban, wannan," wato maigida, ɗauki wannan. Na ture su. Na ɗauki ƙaton.

Mamana, na sayi littafin nan yadda nake sayen yadi: na ɗaga na ji nauyi, na shafa takardar, na duba ɗinkin. Layi ɗaya ban karanta ba. Daga baya na gane littafin 'yan jami'a ne. Na kawo na ajiye wa yaro na ce kullum shafi biyar, da yamma ya ba ni labari. Ya kan zauna a bakin taga ya sa yatsa a layi, leɓensa na motsi. Idan na dawo daga shago na tambaye shi, sai ya zuba mini ido. Ni kuma in ce, "Kai ka ce kana son Rumawa, ga su nan an kawo maka, ka tsaya kana kallona kamar rago a mayanka." Sau biyu na ranƙwashe shi. Ban taɓa zama na buɗe shafin da nake tambayarsa ba, domin a raina ina tsoron ni ma kada in kasa. Ke ce kika riƙa ɗaukar ƙamus kina fassara masa a kicin, kuna zaton ban sani ba. Na sani. Na kuma san ke ma kina son littafin, amma ban taɓa tambayarki ko in sayo miki naki ba. Wannan ma ki yafe mini.

Don haka kada ki ba Nana littafin da ba ki karanta ba, ko da malamin malamai ne ya yaba shi a waya. Idan za ki saya, ki buɗe tsakiya, ba farko ba, ki ce ta karanta miki shafi ɗaya da ƙarfi. Idan ta yi tuntuɓe da kalmomin da suka wuce yatsun hannu ɗaya, ki mayar, lokacinsa bai yi ba. Idan kuma ta zuba shi kamar ruwa tana hamma, shi ma ki mayar, ta wuce shi. Kuma ki saurari ainihin abin da ta tambaya. Wanda ya roƙi kofin ruwa ba a tura shi rijiya.

Abu na biyu ƙarami ne, har yana ba ni dariya wani lokaci, amma dariyar ba ta daɗewa. Mahaifiyarku tana share ɗaki littafin ya faɗo ya buɗe a tsakiya, inda hotuna suke. Gumaka ne na dutse, maza da mata, wasu tsirara. Ta yi salati ta kawo mini. Kunya ta kama ni, domin nan ta gane ban buɗe shi ba. Maimakon in amsa laifina, sai na ɗauki baƙar makar da muke rubuta suna a kan kwalayen kaya, na bi hotunan nan ɗaya bayan ɗaya na shafe. Na kira Habibu na ce, "Waɗannan arna ne, masu bautar dutse. Kada in sake jin tambaya a kansu."

Bayan kwana biyu na shigo da rana na tarar da shi ya ɗaga shafin saitin taga, yana neman ganin abin da ke ƙarƙashin baƙin. Da can bai ma kula da hotunan ba, shi hotunan sojoji yake kallo. Ni na nuna masa inda zai duba. Kuma daga ranar ya daina kawo mini tambaya a kan abin da suke bauta wa, da dalilin da ya sa mutanen da suka iya gina hanyar ruwa a kan ginshiƙai suka kasa gane cewa dutse ba ya ji. Tambaya ce mai kyau, wadda da na zauna da shi a kanta da ta ƙara masa imani. Na rufe ta da maka.

Littafin yara na kirki ya riga ya tace irin waɗannan hotuna, shi ya sa ake yin na yara daban. Amma gumakan suna nan a kowane littafi, domin ba a ba da labarin mutanen nan ba tare da su ba. Idan Nana ta tambaya, ki amsa. Ki gaya mata haka suka tarar da iyayensu, ki gaya mata abin da muka yi imani da shi da dalili. Kada ki tsorata da tambayar yarinya. Ranar da ta daina tambayarki, ranar ce abin tsoro.

Yanzu zan shiga masu nauyi.

Da taimakonki Habibu ya fara fahimtar littafin, kuma abin da ya fara fahimta shi ne mafi muni. Littafin manya ba ya sakaya komai. Filin da ake sa mutane su kashe juna ana tafi, da sarkin da ya sa aka kashe uwarsa, da mutanen da aka jera a kan gungume a bakin hanya, duk suna ciki dalla-dalla. Yaro ya rage cin abinci. Mahaifiyarku ta ce mini yaron nan ya canja, na ce girma ne.

Lokacin baje kolin kaka na ɗauke shi muka tafi filin da ake yinsa a Pazhou don ya ga yadda ake hulɗa da masu masana'anta. Kin san yadda wurin yake, jama'a kamar an tuntsurar da buhun gero. Muna tsaye a wata rumfa ina duba samfurin takalma, sai wasu baƙi daga ƙauye suka kewaye shi. Ba da mugunta ba, na tabbata. Ba su saba ganin yaro baƙi ba. Wata ta shafa gashinsa, wani ya murza fatar hannunsa ya duba yatsansa, wasu na ɗaukar hoto. A wuyansa kuma akwai katin shiga da aka rataya wa kowa. Na juyo na ga ya sandare, idonsa a ƙasa. Da muka fito ya riƙe hannuna gam, abin da ya daɗe bai yi ba, ya ce, "Baba, a littafin an ce idan za a sayar da bawa allo ake rataya masa a wuya, a shafa masa farar ƙasa a ƙafa idan daga ƙetare aka kawo shi. Mutane su zo su tattaɓa shi. Da a Rum muke, sayar da mu za a yi?"

Kin san abin da na yi? Dariya na yi. Na ce, "Kai da Allah rabu da mu, wa zai saye ka, kai da ba ka da nama?" Na sayo masa lemo. Na ɗauka na kashe maganar.

Sai a makonnin nan, da na zauna na karanta da kaina, na san amsar da ya kamata in ba shi. Bautar Rumawa ba ta launin fata ba ce. Wanda aka ci da yaƙi shi ne bawa, kuma da yawansu farare ne daga arewa. Na karanta cewa mutanen Afirka sun yi kasuwanci da malanta a daular, har an yi babban sarkinsu da aka haifa a ƙasar Libiya. Na karanta cewa attajiransu suna sayen siliki da ya fito daga wannan ƙasar da muke zaune, yana bin hannun fatake har ya isa gare su. Wato da a Rum muke, wataƙila wannan sana'ar tamu muke yi. Jimla uku, Mamana. Da na san su a ranar, da yaron ya koma gida da kansa a sama. Ban sani ba, domin ban karanta ba, sai na ba shi lemo.

Nana ma ana shafa mata gashi a hanya, kin sani. Ki zaɓar mata littafin da ba ya ɓoye cewa an yi bauta da zalunci, domin ƙarya ce a ce ba a yi ba, amma wanda ke faɗar haka a taƙaice, ba tare da zanen jini ba. Ki duba taswirar da ke ciki: idan an yanke ta a bakin teku, babu Afirka, ki nemi wani. Kuma idan ta kawo miki tsoro a cikin rigar tambaya, kada ki yi dariya.

Abin da zan faɗa yanzu ba ki nan aka yi shi. Ban taɓa gaya wa mahaifiyarku ba sai tana kwance a asibiti.

Ranar wata Asabar ce, a shagona na kasuwar Tianxiu. Habibu na zaune a kan kwali da littafinsa. Akwai baƙi biyu daga Kano, da abokina Alhaji Isufu, mutumin Maraɗi da shagonsa ke kallon nawa. Ina son in nuna musu ɗana, sai na ce, "Habibu, ba su labarin Rumawa su ji." Ya miƙe ya ba da labarin wani sarkin yaƙi da ya kafa doka cewa kada sojan da ya fita daga sahu ya yi faɗa shi kaɗai. Wani daga cikin abokan gaba ya fito yana cika baki. Ɗan sarkin yaƙin, saurayi, ya kasa daurewa, ya fita ya kashe shi, ya kwaso makamansa ya kawo wa ubansa yana murna. Uban ya tara rundunar, ya ce doka doka ce, ya sa aka sare kan ɗansa a gaban kowa.

Ya ba da labarin da kyau, da Hausa mai daɗi. Baƙin suka yi ta jinjina kai. Ni kuwa daɗi ya ɗebe ni, na bugi tebur na ce, "Kun ji uba! Kun ji abin da ya sa suka mallaki duniya. Ba irin iyayen yanzu ba."

Habibu bai zauna ba. Ya dube ni ya ce, "Baba, da kai ne fa?"

Da mu biyu ne, wataƙila da na ja shi jikina. Amma ga baƙi suna kallona, ga maganar da na riga na saki. Na ce, "Da ni ne, haka zan yi. Wanda ya karya mini doka ba ɗana ba ne."

Baƙin suka yi dariya. Shi bai yi ba. Ya koma kan kwalinsa ya rufe littafin. Da suka fita Alhaji Isufu ya tsaya a bakin ƙofa ya ce mini a hankali, "Alhaji Sani, wannan magana ba ta yi ba. Kai wasa kake, shi ba wasa ya ji ba. Kira shi ka warware ta tun yau." Na ce, "Haba Alhaji, yaro ne, kafin gobe ya manta." Ya ce, "Mu ne muke mantawa. Su ba su mantawa."

Ban kira shi ba. Ya ci gaba da girma a gabana, mai ladabi, mai shiru, ba ya musu da ni, ba ya kuma kawo mini damuwarsa. Ina ta yabon kaina cewa na iya tarbiyya.

Sauran kin san shi, amma bari in faɗa da bakina sau ɗaya. Yana da shekara goma sha tara na tura shi garin Xintang ya duba wandunan jins na wani mai kaya kafin a loda. Na ce masa ya buɗe kowane kwali, kada ya sa hannu sai ya gani da idonsa. Masu ɗinkin suka nuna masa na sama, suka ce mota na jira, ya sa hannu. Da kaya suka isa Kano aka tarar rabinsu rini na zuba. Mai kayan ya kira ni ya zazzage ni tas. Na kira Habibu, yana hanya, na ce, "Me na ce maka? Ka zo ka same ni." Iyakar abin da na faɗa ke nan. Wallahi faɗa kawai zan yi masa, kwana biyu ya wuce. Wane ɗan kasuwa ne ba a taɓa yi wa haka ba? Ni kaina an yi mini ya fi sau uku.

Bai zo ba. Ya kashe waya, ya laɓe wurin wasu samari a wata unguwa. Na ce a bar shi, yunwa za ta koro shi. Mahaifiyarku ta roƙe ni in je in nemo shi, na ce ba uban da ke bin ɗa. Bizarsa ta ƙare yana can, kuma sabuntawar sai da ni. Aka kama shi a wani bincike, aka tsare shi. Ko a nan ban je ba, Alhaji Isufu na tura da kaya da abinci. Aka sa shi a jirgi zuwa Legas. Shekara bakwai ke nan ban ji muryarsa ba.

A asibiti, da na gaya wa mahaifiyarku abin da ya faru a shago ranar Asabar ɗin nan, ta ɗaga ido ta dubi silin. Sannan ta ce, "Ashe ba wandunan ya gudar wa ba." Ba ta ƙara ko kalma a kai ba har ta koma ga Allah, kuma ba ta sake ganinsa ba.

Ba na cewa littafi ne ya raba ni da ɗana. Littafi takarda ne. Amma tarihin mutanen nan cike yake da irin waɗannan labarai, na taurin zuciya da ake kira jarumta, kuma yaro ɗan shekara goma sha ɗaya ba labarin yake aunawa ba, fuskar wanda ke kusa da shi yake kallo ya ga me zai ce. Duk abin da kika yaba a gaban Nana, ta ɗauka shi kike so ta zama, ko shi za ki yi mata. Saboda haka kada ki bar ta ita kaɗai da labari mai nauyi, kuma kada ki mai da ita abin nunawa a gaban baƙi. Idan kun karanta irin wannan, ki fara tambayarta me ta gani. Idan ta tambaye ki ko ke za ki iya, ki ajiye duk abin da ke hannunki ki amsa mata da gaskiya, ko da duniya ce ke kallonki.

A cikin kwalin da na rubuta wa sunanta akwai littattafai uku. Na koma kantin, aka ce mini meyo, wato babu, sai da aka yi mini odarsu ta waya. Kowanne na karanta shi daga bango zuwa bango, da tabarau da ƙamus, shi ya sa kika ga ina yawan rufe ƙofa.

Na farko mai hotuna ne, a kan zaman yau da kullum: gidajensu, burodinsu da man zaitun, gidan wanka, wasan yara. A ciki za ta ga yaransu ma da allo suke karatu, na katako da aka shafe da kakin zuma, su rubuta su goge. Da shi za ku fara. Na biyu a kan hanyoyi ne da fatauci, da taswirori masu kyau, Afirka na ciki, har da sarkin yaƙin da ya haura duwatsu da giwaye. Akwai yaƙi, amma babu abin da zai hana ta cin abinci. Shafi biyu na lanƙwasa wa kunne, inda aka yi maganar bayi. Waɗannan ku karanta tare, tana jikinki.

Na ukun na naɗe shi a leda daban. Labarin wata yarinya ne a garin da dutse mai aman wuta ya binne. An rubuta shi da kyau, amma uwar yarinyar ba ta tsira ba, kuma Nana har yanzu tana tambayar kakarta. Ki ajiye shi sama da inda hannunta ke kaiwa. Ke za ki san lokacinsa, ba shekarun da aka buga a bayan bango ba.

Saura magana ɗaya.

Bara na buɗe gwangwanin maganina na tarar da 'yar takarda a ninke, da lambar waya ta Najeriya, babu suna. Rubutunki ne. Ba ki ce komai ba, ni ma ban ce ba. Shekara guda tana aljihuna. Ranar Juma'ar da ta wuce, bayan an sauko daga masallaci, na zauna a shago na kira. Ta yi ƙara sau huɗu, har na yi niyyar kashewa, sai aka ɗauka. Ba shi ba ne. Muryar ƙaramin yaro ce, wanda bai wuce shekara huɗu ba.

Ya ce, "Waye?"

Na ce, "Kai ne wa?"

Ya ce, "Abba ne. Babana yana wanka."

Na ji wata mace daga nesa tana cewa, "Abba, kawo wayar nan." Sai na kashe.

Mamana, ban san ya yi aure ba. Ban san yana da ɗa ba. Kuma kin san wanda ake kira Abba a gidan Bahaushe: yaron da aka sa wa sunan kakansa, wanda uban ba zai iya kiran sunan ba saboda kunya. Tun ranar nake gaya wa kaina wataƙila sunan uban matar ne. Wataƙila kuma suna ne kawai, yanzu mutane na sa shi haka nan. Ke kin sani. Sau uku na zo bakin ƙofarki in tambaya, na koma. Idan ba sunana ba ne, ban san yadda zan ɗauka ba. Idan kuma sunana ne, wannan ya fi nauyi, domin ban yi abin da na cancanci haka ba.

Kada ki gaya mini a tasha, ba na son Nana ta ga kakanta a wannan hali. Idan kun sauka kun huta, ki rubuto mini sunan yaron na yanka, shi kaɗai. Ko mene ne, Juma'a mai zuwa zan sake kira, kuma wannan karon ba zan kashe ba.

Allah Ya kiyaye hanya, Ya tsare gabanku da bayanku. Allah Ya yi miki albarka, Ya raya Nana, Ya ba ta ilimi mai amfani da zuciya mai taushi. Allah Ya jiƙan mahaifiyarku, Ya haskaka kabarinta. Ɗan'uwanki kuma, duk inda yake, Allah Ya tsare shi da iyalinsa, Ya sa ya ɗauki wayar.

Ki gaida Kabiru. Ki ce wa amaryata tsohon mijinta ya ce ta riƙa cin abinci.

Wassalam.

Mahaifinki,
Sani